Maikro-RNA da sankarar ƙashi: amsa ga ɗan'uwan da ke neman a ceci ƙafar ƙanensa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya sa kaffara ce, ya ba su Baba da Inna juriya. Saƙonka sau biyu na karanta shi. Ka ce yaron shekararsa 16, kuna Jega, gwiwarsa ta dama ta fara ciwo da kumburi tun bayan babbar sallah, an kai shi wurin mai ɗori har sau uku ba a ga sauƙi ba, daga baya aka kawo shi Birnin Kebbi aka ɗauki hoto likita ya ce yana zargin sankarar ƙashi ce wadda ake kira ostiyosakoma, har an fara ambaton yanke ƙafa. Kai kuma ka shiga intanet ka ci karo da rubuce-rubuce cewa akwai wasu ƙananan abubuwa, maikro-RNA, da ke hana irin wanga daji girma, shi ne kake tambaya mene ne su, kuma ina ake samunsu, ko Indiya ko Masar, ko da za a sayar da gona.

Bari in ba ka amsar da ta fi muhimmanci tun yanzu kada ka gaji da karatu kafin ka iso gare ta. Babu wani maganin maikro-RNA na sankara da aka amince da shi yau, ba a Indiya ba, ba a Masar ba, ba a Amurka ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai kawo maka shi, kuɗinka yake so. Amma abun da ka karanta ɗin ba ƙarya ba ne, ilimi ne na gaske, kuma tunda ka tambaya zan yi maka bayaninsa yanda na fahimce shi. Ni malamin bayokemistiri ne, kuma lokacin da nake digirina na uku na yi kusan shekara uku ina rainon ƙwayoyin irin wagga sankara a cikin kwalabe, kullum ni ke ba su abinci kaman mai kiwon kaji.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana, mu muna ce musu sel. A tsakiyar kowane sel akwai DNA, wato kundin da aka rubuta yanda za a ƙera komai na jiki, haruffa kusan biliyan 3, kuma a ciki akwai umarnin ƙera furotin wajen 20,000. Shi kundin ba ya fita daga ɗakinsa. In sel na bukatar wani furotin sai a kwafi shafin da ake so a wata 'yar takarda, ita ce RNA mai ɗauke da saƙo, ta fita waje ta kai wa maƙeran sel su ƙera. Shekaru da yawa haka aka ɗauka labarin yake, kundi, takarda, maƙeri, shi kenan.

Sai a 1993 wani Ba'amurke Victor Ambros da abokan aikinsa suna nazarin wata tsutsa 'yar mitsitsiya da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, suka gano wani RNA mai suna lin-4 wanda ba ya ɗauke da saƙon ƙera komai, haruffansa wajen 22 kacal, aikinsa kawai ya je ya manne wa wata takardar saƙo ya hana a yi aiki da ita. Gary Ruvkun shi ma a lokacin ya nuna inda yake mannewa. Mutane ba su damu ba, aka ce ai wannan al'amarin tsutsa ne. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka duba aka ga akwai shi a jikin ƙuda da kifi da ɓera har da ɗan Adam. Irin waɗannan ƙananan RNA su ne ake kira maikro-RNA, yanzu an san muna da irinsu sama da 1,000, kuma a 2024 aka ba mutanen nan biyu kyautar Nobel a kan wannan aiki. Shekara 31 suka jira.

Yanda ake haɗa shi a cikin sel ba zan daɗe a kai ba. Ana kwafo shi da tsawo, wani almakashi mai suna Dirosha ya rage shi zuwa haruffa kusan 70, a fitar da shi daga tsakiyar sel, wani almakashin Daisa ya ƙara datse shi zuwa 22, sai a ɗora shi a kan wani furotin da ake kira Agonot. Wurin da nake son ka tsaya shi ne nan. Ka ɗauka ma'aikaci ne tsaye a shingen kan iyaka a Kamba, an ba shi 'yar takarda mai lambar mota aka ce duk motar da ta dace da wannan lamba ka tsayar da ita. To amma ba cikakkiyar lamba aka ba shi ba, guntu ne, don a cikin haruffa 22 ɗin nan wajen 7 ne kawai, daga na 2 zuwa na 8, suke yin yawancin aikin ganewa. Kaga kenan motoci da yawa za su dace. Shi ya sa maikro-RNA guda ɗaya zai iya taɓa takardun saƙo ɗaruruwa, kuma takarda ɗaya tana iya samun masu tare ta da yawa. An ƙiyasta fiye da rabin umarnin furotin ɗinmu suna ƙarƙashin irin wannan sa ido. Sannan ba rufe hanya yake yi ruf ba, rage yawan masu wucewa yake, kaman yanda mai noman rani a fadamar Argungu ke rage bakin ruwa ba tare da ya kashe inji ba. Ka riƙe waɗannan abubuwa biyu, cewa yana taɓa wurare da yawa kuma ragewa yake ba kashewa ba, don su ne ƙarfinsa kuma su ne matsalarsa.

To ina ruwansa da daji? Kowane sel yana da totur da birki. Akwai furotin masu ce masa rabu biyu, ƙaru, akwai masu ce masa tsaya, akwai ma masu ce masa ka lalace da yawa, kashe kanka. Sankara ita ce totur ya maƙale birki ya tsinke. In maikro-RNA ɗin da ke rage totur ya ɓace, sel zai ta gudu. In kuma wanda ke rage birki ne ya yi yawa, nan ma gudun ne. Farkon shaidar wannan a jikin mutum a 2002 aka same ta, lokacin da George Calin da Carlo Croce a Amurka suka ga miR-15 da miR-16 sun ɓace a yawancin masu wata irin sankarar jini ta manya, daga baya aka gano suna danne wani furotin BCL2 mai hana lalataccen sel mutuwa.

A ostiyosakoma wanda aka fi yin magana a kansa shi ne miR-34a, kuma akwai dalili. Akwai wani furotin p53 wanda shi ne babban mai gadi, in DNA ya samu rauni shi ke tsayar da komai ya ce ko a gyara ko sel ya mutu. A 2007 aka gano cewa ɗaya daga cikin yaran da p53 ke aikawa shi ne miR-34a, shi kuma sai ya je ya rage CDK4 da CDK6 masu tura sel ya rabu, ya rage BCL2, ya rage MET mai sa sel yawo. To ita ostiyosakoma kusan ko da yaushe za ka tarar p53 ɗinta ya samu matsala, sau da yawa har da wani birkin RB1, shi ya sa ma yaran da suka gaji sankarar ido ta ƙuruciya suke cikin haɗarin samun ta ƙashi in sun girma. Maigida p53 ya faɗi, yaronsa miR-34a ma ba a ganin shi, a cikin ƙarin sai ka ga miR-34a ya yi ƙasa sosai.

A ɗaya ɓangaren akwai miR-21, shi kam yawa yake yi, kuma ba a ƙashi kaɗai ba, a sankarar mama da huhu da hanji duk ana ganin ya hau. Abubuwan da yake dannewa birki ne, irin su PTEN da PDCD4 da RECK, shi RECK aikinsa hana sel cinye katangar da ke kewaye da shi, in ya ragu sai ƙarin ya samu hanyar kutsawa cikin tsoka da jijiyoyin jini. Akwai miR-221 da aka nuna a kwalba yana sa ƙwayoyin su daina jin sisfilatin, ɗaya daga cikin magungunan kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi ma ta hanyar danne PTEN. Akwai miR-199a-3p da ke raguwa, akwai wani gungun maikro-RNA guda a kuromosom na 14, wato ɗaya daga cikin ɗaurin da DNA ke naɗe a ciki, da ake yawan samu ya yi shiru. Wanda ya fi ba ni sha'awa lokacin da nake ɗalibi shi ne miR-143, don a 2011 wasu masu bincike a Japan sun yi wa ɓeraye masu ostiyosakoma allurarsa suka ga bazuwar ciwon zuwa huhu ta ragu. Huhu kuwa shi ne wurin da wagga cuta ta fi zuwa, kuma ta nan take kisa, ba ta ƙafa ba.

Bari in nuna maka yanda ake irin gwajin da ka karanta, don ka san me kalmar "ya hana girma" ke nufi a bakinsu. Akwai 'yan farantai na roba masu murfi, a zuba wani ruwa mai launin ja-ja mai ɗauke da sukari da gishiri da sauran abinci, a sa ƙwayoyin, a ajiye a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37. Kwana biyu uku sun shimfiɗu sun rufe gindin farantin. Sai in ɗauki tsinken roba in ja layi a tsakiya, in kankare hanya fes kaman an yi shara, in ɗauki hoto ta madubin ƙara girma. Wani farantin na sa masa maikro-RNA, wani ban sa ba. Washegari in na dawo, wanda ban sa wa komai ba sun rarrafo daga hagu da dama sun kusa cike hanyar, wanda na sa wa kuwa hanyar na nan a buɗe, gefe-gefe ga matattun ƙwayoyi sun dunƙule suna yawo a saman ruwa. Ranar da na fara ganin haka wallahi ko abincin rana ban ci ba don murna, na ɗauka na kama wutsiyar magani. Malamina ya leƙa ya ce to madalla, amma ka sani ko ruwan wanke banɗaki ka zuba musu mutuwa za su yi.

Maganarsa ta yi mini zafi amma gaskiya ce. Kashe sankara a faranti ba wuya. Su ƙwayoyin ma da muke amfani da su, irin U2OS, daga ƙashin ƙwaurin wata yarinya 'yar shekara 15 aka ɗebo su tun 1964, sun yi shekara 60 suna hayayyafa a kwalba, ba jini, ba garkuwar jiki, ba ƙashi a kewaye da su. Tsakaninsu da abun da ke gwiwar ƙanenka akwai tafiya.

Matsala ta farko ita ce isar da shi. RNA abu ne mai saurin lalacewa, jininmu cike yake da sinadaran da ke yayyanka shi, kai ko a fatar yatsanka akwai su, shi ya sa ba ma taɓa kwalbar sai da safar hannu. Na taɓa asarar aikin wata biyu saboda wuta ta ɗauke cikin dare janareto bai tashi ba firiza ta narke. In ka yi wa mutum allurarsa tsirara, kafin ya je ko'ina ya watse. Dole a naɗe shi cikin 'yan ƙwallayen kitse, su kuma in sun shiga jini yawancinsu hanta ke kwashewa, kaɗan ne zai isa cikin ƙari mai tauri da ke cikin ƙashi.

Ta biyu ita ce guntuwar lambar nan da na faɗa maka. Abun da zai tare motoci ɗaruruwa ba zai tare na ɓarayi kaɗai ba. An gwada fa, ba wai ba a gwada ba. A 2013 aka fara gwajin wani magani MRX34 a jikin mutane masu sankara iri-iri da ta yi nisa, kwaikwayon miR-34a ne aka naɗe cikin kitse. A wasu 'yan kaɗan ƙarin ya ja baya. Amma a 2016 dole aka dakatar da gwajin saboda garkuwar jikin wasu ta harzuƙa fiye da kima, mutum 4 suka rasu. Wannan shi ne miR-34a ɗin da ya fi kowanne kyau a faranti.

Ta uku, ita ostiyosakoma DNA ɗinta a hargitse yake fiye da na yawancin sankarar yara, kuromosom sun kakkarye an sake haɗa su a birkice, na wannan yaro daban na wancan daban, har a ƙari ɗaya ma gefen nan da gefen can ba lallai su zama iri ɗaya ba. Gyara ƙulli ɗaya ba ya warware irin wannan.

Akwai kuma wata magana da ba kowa zai gaya maka ba. Wannan fanni na "maikro-RNA kaza ya hana sankara kaza ta hanyar danne furotin kaza" yana cikin fannonin da aka fi samun takardun bogi a kimiyya, akwai masu ƙera su suna sayar wa masu neman ƙarin girma a wurin aiki, kuma mujallu sun janye da yawa bayan an ga hoto ɗaya a takardu daban-daban. Ni yanzu in na ga sabon suna sai na ga wasu ɗakunan bincike da ba su san juna ba sun maimaita kafin in yarda. Inda nake ganin zai fara amfani ba ma magani ba ne, gwajin jini ne, don tun 2008 aka gano maikro-RNA na yawo a jini a killace ba ya saurin lalacewa, ana fatan wata rana a ɗebi jini a gane ko kemo na aiki ko ciwon na shirin dawowa. Shi ma a wagga cuta har yanzu yana hannun masu bincike, bai shigo asibiti ba.

Yanzu mu dawo kan yaron, don shi ne a gabanmu. Wagga cuta ta 'yan shekara 10 zuwa 20 ce galibi, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo, kuma ta fi kama ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wato kewayen gwiwa, sai saman damtse. Ka ce ya faɗi wurin ƙwallo kafin abun ya fara. Kusan kowane gida haka suke faɗa, amma ba faɗuwar ce ta kawo ba, ita dai ta sa aka lura. Targaɗe yana sauƙi cikin sati biyu uku, wannan kuwa ƙaruwa yake, ya fi tsanani da dare har ya tada yaro daga barci. Ban raina masu ɗori ba, ni kaina an ɗora mini hannu ina yaro a garinmu kuma ya warke sumul, sai dai wannan ba karaya ba ce. Don Allah kada a ƙara murza wurin, kada a yi tsaga ko sakiya, don duk inda aska ta ratsa ƙarin an buɗe masa ƙofa zuwa fata da tsoka, kuma shi ke sa ƙafar da da za a iya ceta ta gagara.

Ka ce likita "yana zargi". Hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, akwai ciwon ƙashi na ƙwayoyin cuta da wasu ƙari da ke kama da ita, dole a ɗebi ɗan yanki a auna, kuma an fi so likitan da zai yi babbar tiyatar ko tawagarsa su ɗeba, don inda aka huda yana da muhimmanci daga baya. Sai hoton MRI na ƙafar, da hoton CT na ƙirji don duba huhu. In nan Birnin Kebbi suka tura ku asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ku tafi cikin satin, kada a tsaya sai an gama girbi.

In ta tabbata ita ce, abun da aka san yana aiki shi ne kemo da tiyata tare. Magunguna uku ne ginshiƙi, metotireksat da dokzorubisin da sisfilatin, ana ba da su wajen sati 10 kafin tiyata, a cire ƙarin, a ci gaba bayan tiyata, duka ya kan kai wata 7 ko fiye. Kafin shekarun 1970, lokacin da yankewa kaɗai ake yi, a cikin yara 10 wajen 8 rasuwa suke duk da an yanke, saboda ƙananan 'ya'yan ciwon da hoto ba ya gani sun riga sun sauka a huhu. Da aka haɗa da kemo, in ba a ga ta bazu ba, 6 zuwa 7 cikin 10 suna wuce shekara 5 a ƙasashen da ake samun cikakken magani. In ta riga ta bayyana a huhu adadin kan sauko zuwa 2 ko 3. Tun shekarun 1980 waɗannan alƙaluma ba su motsa sosai ba, dalilin da ya sa irinmu muke ta tonon maikro-RNA kenan. Gashi da na'ura, wanda ka ji ana yi wa masu wasu sankarar, ita wannan ba ta cika jin shi ba.

Maganar ƙafa kuma, ba kowa ake yanke wa ba. In ƙarin bai naɗe manyan jijiyoyi ba kuma kemo ta rage shi, ana iya cire ƙashin da ya kamu a sa na ƙarfe, sai dai yana bukatar ƙwararru da kuɗi masu yawa. Ka tambayi likitan kai tsaye, shin a yanayin wannan yaro ana iya hakan, in ba a iya ba me ya hana. In ya nuna maka a hoto cewa ta riga ta kama jijiya ko ta fasa fata, to yankewar ce hanyar da za ta bar shi da rai, kuma ko an yanke kada a bar kemo, nan ne gidaje da yawa ke yin kuskure, su ga rauni ya warke yaro ya yi ƙiba su ce ai an gama. Bayan tiyata ka nemi sakamakon awon ƙarin da aka cire, za su rubuta kashi nawa cikin 100 kemo ta kashe, 90 zuwa sama alama ce mai kyau.

Na san wanda zai fi wuyar shawo kai Baba ne. Kada ka je masa da maganar yankewa kai kaɗai a tsakar gida, ka roƙe shi ya bi ku asibitin ya ji daga bakin likita, in da hali ku tafi da baffanku ko limamin unguwa wanda yake jin maganarsa. Shi ma yaron shekara 16 ba jariri ba ne, yana jin duk abun da kuke faɗa a bayan labule, a samu mai gaya masa a hankali. Ku tafi da duk hotunan da aka ɗauka har da na farkon, ko da ya yi datti, da katin asibiti, sannan ka rubuta a takarda ranar da ciwon ya fara da duk abun da aka shafa ko aka ba shi ya sha, likitan zai tambaya.